Kafin Ka Cire Oyil Kular da Motarka Ta Zo da Ita

[Kiɗan buɗe shiri]

Direbobin da ke kan hanya a wannan lokaci, Allah ya sauke ku lafiya. Kanikawan da suka ɗora rediyo a kan bonet suna aiki, sannunku da ƙoƙari, yau a cikin garejinku za mu yi zaman.

A bazarar da ta wuce na kai motata juye. Ina zaune a benci ƙarƙashin darbejiya ina jira, sai ga wani dattijo, direban haya, an janyo masa Sharan ɗinsa da igiya. Ya ɗaga bonet, ya kwance murfin robar ruwa, ya tsoma yatsa ya ɗago. Abin da ya biyo yatsan wani abu ne mai kauri, kalar shayin da aka cika wa madara, yana naɗewa kamar kunun gyaɗa. Yaron gareji ya leƙa, ko numfashi bai ja ba ya ce, "Baba, tof gaskit ne ya ƙone, sai an sauke kan injin." Dattijon ya yi salati ya dafa mota, don ya san kuɗin sauke kai ya fi abin da zai samu a sati biyu.

Ogan ya zamo daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma. Ya ce wa yaron, "Kai, daina gaggawa." Ya juya ga dattijon. "Baba, tana fitar da farin hayaƙi ta salansa?" Ya ce a'a. "Da safe tana kakkarwa in ka tayar?" Ya ce lafiya lau take tashi. Sai ogan ya kwance oyil filta, ya zaro wani ɗan akwatin alminiyom da ke bayanta, girmansa bai wuce sandar sabulun wanki da aka raba biyu ba. Ya toshe baki guda, ya sa famfon iska a ɗayan, ya nutsa shi cikin bokitin ruwa, kamar dai yadda mai faci ke neman huda a tyub. Nan take kumfa ta fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Baba, ga ɓarawonka. Injinka lafiyarsa ƙalau."

Wannan ɗan akwatin shi ne abin da kanikawa ke kira oyil kula, wato masanyayar baƙin mai. Tambayar da dattijon ya yi daga nan ita ce ta kawo mu wannan shiri. Ya ce, "To in sayo irinta, ko kuwa in sa irin wadda ake ɗaurawa a gaban lagireto, da na ji ana cewa ta fi sanyaya mai?" Mutane da yawa suna wannan tambaya, kuma na ga an yi asarar injina masu kyau saboda an ba ta amsa da garaje.

Mu fara da aikin da baƙin mai ke yi. Kowa ya san yana sa ƙarfe ya zame a kan ƙarfe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yana kwashe zafi daga wuraren da ruwa ba ya kaiwa. Ruwan lagireto yana zagaya jikin silinda da kan injin, amma ba ya shiga ƙarƙashin fistin, ba ya taɓa metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai, a mota mai tabo kuma mai ne ke ratsa tsakiyarta. Duk wannan zafin mai ne ke ɗauke shi. A injinan dizal da yawa ma akwai 'yan bututu da aka tanada musamman don su riƙa fesa mai a ƙarƙashin fistin. Tsofaffin direbobi za su tuna Bitil ɗin Volkswagen da aka fara haɗawa a Legas a 1975. Ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa ko ɗigo, iska da mai ne kawai ke riƙe da injinta, kuma a cikin gidan fankarta akwai oyil kula.

Mai yana da zafin da yake so. Tsakanin digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin salshiyos, nan ne yake aikinsa yadda ya kamata. In ya haura 120 ya daɗe a can, sai ya tsinke ya zama kamar ruwa, ƙarfinsa na raba ƙarfe da ƙarfe ya ragu, ya fara ƙonewa yana barin baƙar dagwalo. Masana harkar mai suna da wani lissafi da suke aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da ya dace, saurin lalacewar mai yana ninkawa kusan sau biyu. Wannan ɓangaren kowa ya yarda da shi, don mu mutanen Sakkwato da Maiduguri da Yamai mun san abin da ake nufi da rana mai digiri 43.

Ɗaya ɓangaren ne ake musu da ni a kai, kuma shi nake so ku riƙe. Mai mai sanyi ma cuta ne ga injin. Duk lokacin da fetur ya ƙone yana haifar da tururin ruwa, kaɗan daga ciki yana sulalewa ta gefen ringi ya faɗa cikin mai, tare da ɗan fetur da bai ƙone ba. In man ya yi zafi sosai, sai su tashi su fita a matsayin tururi. In kuwa kullum yana zaune a digiri 60 ko 70, sai su tare a ciki, su haɗu da dauɗa su zama wannan laka da kuke gani in an buɗe murfin saman injin. Ga shi mai mai sanyi kauri gare shi, ba ya saurin isa lungunan da ake buƙatarsa.

To a nan hikimar ta kamfani take. Yawancin motocin da suka zo da oyil kula, irin ta ruwa ce. A cikinta akwai faranti sirara jere a kan juna, mai yana bin wani layi, ruwan lagireto yana bin na kusa da shi, ba sa haɗuwa, sai dai zafi ya ratsa ƙarfen da ke tsakaninsu. Da safe ruwa ya fi mai saurin ɗaukar zafi, saboda haka shi ke ɗumama man ya kai shi matsayin aiki da wuri. In tafiya ta miƙa, mai ya fi ruwa zafi, sai al'amarin ya juya, ruwa ya riƙa karɓe zafin ya kai lagireto. Aiki biyu ke nan a ɗan akwati guda, babu doguwar tiyo, babu abin da dutse zai doka. Kuma ko kana tsaye cikin cunkoson Kurna ko na Mararraba, muddin fanka na juyawa, tana aikinta.

Tana da iyaka, ban ɓoye muku ba. Ba za ta iya sauke zafin mai ƙasa da zafin ruwan da ke ratsa ta ba, kuma duk zafin da ta kwasa a kan lagireto take jibge shi. In lagireto ya toshe, ita ma ta zama hoto.

Me ya huda ta dattijon nan? Ogan ya tambaye shi irin ruwan da yake zubawa. Ya ce na rijiya, wani lokaci na leda, duk wanda ya samu a tasha. Ga amsar nan. Farantan cikin kula ba su kai kaurin farce biyu ba, kuma alminiyom ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri da kanwa iri-iri, in suka yi ta tafasa sai su ci ƙarfen a hankali, su bar farin dutse kamar na gindin butar shayi. Ruwan nan mai kala da ake sayarwa a galan, wanda ake kira kulan, mutanenmu da yawa sun ɗauka na ƙasashen ƙanƙara ne kawai. Gaskiya yana hana daskarewa, amma yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin da ruwa ke tafasa. Mu da ba mu da ƙanƙara, waɗannan biyun muke nema a wurinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya sa sabuwar kula ya koma zuba ruwan rijiya, ya ajiye kuɗin sayen wata sabuwa.

Ga kuma dalilin da ya sa mai ake fara gani a cikin ruwa. Kun san ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya, inda tayar ƙaramar mota ke ɗaukar kamar 32. A wannan ma'auni, matsin mai a injin da ke gudu yana kaiwa 40 zuwa 60, na ruwan lagireto kuwa tsakanin 13 ne zuwa 20. Mai ƙarfi shi ke tura marar ƙarfi, sai mai ya kutsa cikin ruwa. Amma da zarar ka kashe mota, matsin mai ya faɗi warwas, na ruwa yana nan har sai injin ya huce, a lokacin ne ruwa ke samun damar komawa cikin mai. Shi ya sa in ka ga wannan alama, ka zaro gejin mai ma ka duba, kada ka ce bari in ƙarasa wannan lodin.

[Ɗan kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka murɗo akwatin rediyonku, muna magana ne a kan sauya oyil kular da mota ta zo da ita. In aka ce ta kasuwa, abu biyu ake nufi, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke rikita mutane.

Na farko, kula irin ta asali sak, wurin zamanta ɗaya, sai dai wani kamfani ne ya ƙera ta ba mai motar ba. Wannan ba abin tsoro ba ne. Kamfanoni irin su Mahle na Jamus, Nissens na Denmak da Valeo na Faransa sun daɗe a wannan sana'a, wasunsu ma su ne ke yi wa masu ƙera motocin kaya tun farko. Akwai ma inda ta kasuwa ta gyara kuskuren ta kamfani. Injin Pentastar mai lita 3.6, wanda ke cikin Jeep da Dodge da Chrysler tun wajen 2011, ya zo da gidan filta da mazaunin kula na roba a tsakiyar injin, inda zafi ya fi taruwa. Yana yawan tsagewa ya tara mai a kwarin injin, sai 'yan kasuwa suka fito da na alminiyom, kuma kanikawa da yawa shi suke zaɓa. Wani lokaci kuma kular lafiyarta ƙalau, zoben robar da take zaune a kai ne ya bushe. Injin dizal na Mercedes mai silinda 6, OM642, ya yi suna da wannan: robar kuɗinta kaɗan ne, amma kafin hannu ya kai gare ta sai an kwashe rabin saman injin. A irin wannan aiki, wanda ya sa robar araha zai biya kuɗin aiki sau biyu.

Abin da nake jan kunne a kai shi ne ta Beljiyam. Ni ba na ƙin kayan Beljiyam, motata ma da su take tafiya. Amma oyil kula daban ce. In ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna aka miƙo maka wadda aka ciro daga wani injin, babu mai iya gaya maka yadda wancan injin ya mutu. In bugawa ya yi, to garin ƙarfen metal ɗinsa yana maƙale a tsakanin farantan nan, kuma ko da fetur ka wanke ta sau goma ba za ka fitar da shi duka ba. Sai mai mai zafi ya ratsa, ya kwaso shi ya kai wa injinka. Haka nan in naka injin ne ya buga aka yi masa gyara, kada a mayar da tsohuwar kula. Na sha ganin an sa sabon karanshaf, sabbin metal, sabbin ringi, aka bar tsohuwar kula don a rage kuɗi, wata biyu injin ya sake kwanciya, aka ɗora wa bakanike laifi.

Na biyu shi ne wanda dattijon ya ji labari: kula ta iska, mai kama da ƙaramin lagireto, da ake ɗaurawa a gaba, a ja mata tiyo biyu daga injin. Ana sa wani faifan ƙarfe tsakanin filta da jikin injin, mai ya fita ta tiyo ɗaya, ya ratsa kula iska ta buge shi, ya dawo ta ɗayar. Masu tseren mota ne suka fi amfani da ita, kuma akwai kamfanonin da suka ƙware a kanta, irin su Setrab na Suwidin da Mocal na Ingila. Tana aiki, kuma tana iya sauke zafin mai fiye da ta ruwa in mota na gudu. Wanda ke jan tirela, ko mai ɗaukar kaya fiye da kima yana hawan Kibo zuwa Jos, ko mai Hilux da ke keta rairayi a hanyar Agadas da ƙaramar giya injin na kuka, irin waɗannan suna iya buƙatarta da gaske.

Amma ka lura da kalmar da na faɗa: in mota na gudu. Iska take ci. Mai motar da rayuwarsa duka daga gida zuwa ofis ce cikin cunkoso, kular iska ba ta da abin da za ta ba shi, sai ma ta tsaya a gaban kondensa da lagireto ta rage musu iskar da suke samu, ta kuma ɗumama wadda ta wuce. In ya cire ta ruwa ya sa wannan a madadinta, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Saboda haka kafin ka kashe ko sisi, auna. Allurar da ke dashbod zafin ruwa take nunawa, ba na mai ba. Akwai bindigar auna zafi ta gareji, wadda ake haskawa daga nesa. Ba irin ta asibiti da muka saba gani lokacin korona ba, waccan ba ta wuce zafin jikin mutum da yawa. Bayan doguwar tafiya da tsakar rana, da irin lodin da ka saba, ka tsaya ka haska ta a gindin injin inda mai ke taruwa, ko a jikin filta. Wasu motocin kuma in an jona musu kwamfutar bincike suna nuna zafin mai kai tsaye. In ka ga 100 ko 105, motarka ba ta neman komai, ka riƙe kuɗinka. In kana ganin 125 zuwa sama a kai a kai, to akwai magana, amma ko a nan ma sai an fara duba lagireto ko ya toshe, fanka ko tana kamawa a kan lokaci, famfon ruwa ko haƙoransa sun cinye, da irin man da ake zubawa. Sau da yawa a nan gizo ke saƙar, kula ba ta da laifi.

Bari in ba ku labarin da ya sa wannan magana take ci mini rai. Ƙanena yana da mota mai kyau, injinta ko ɗigon mai ba ya ci. Abokai suka zuga shi ya sayo kular iska mai araha, aka ɗaura masa a wani gareji. Tiyon da ya zo da ita bai kai ba, sai aka ƙara da tiyon ruwa, aka ɗaure da kilif irin na lagireto. Wata uku lafiya lau. Ran nan yana dawowa daga Zariya, daf da Kwanar Dangora, ya kira ni murya na rawa. Ya ce, "Yaya, jar fitila ta kama, kafin in sauka gefen titi injin ya fara ƙwanƙwasa." Da na isa, na bi titin da kallo, ga baƙin layin mai nan ya miƙe a kan kwalta har inda ido ya ƙare. Na tsuguna na kama tiyon. Ya kumbura ya yi laushi kamar dafaffen ganda, ya zame daga bakinsa, kilif ɗin na nan rataye yana lilo.

Abu biyu suka kashe wannan injin. Robar tiyon ruwa ba ta jure mai, tana shan sa ta kumbura ta ruɓe. Sannan famfon mai a kan gudu yana tura lita da yawa a minti guda, alhali duk abin da ke cikin injin ƙaramar mota lita 4 ne zuwa 5. In tiyo ya fita, bai kai minti ɗaya ba ka zubar da komai. Jar fitilar mai kuwa ba ta kamawa sai matsi ya faɗo kusan 5 zuwa 7 a wancan ma'auni na mai faci, wato sai aski ya riga ya zo gaban goshi. Ku sani, ko manyan kamfanoni sun ɗanɗana wannan. Injin Toyota mai silinda 6, lita 3.5, da ke cikin Highlander da Sienna da Lexus RX350, waɗanda suka cika titunanmu, na shekarun farko ya zo da bututun mai da ke da roba a tsakiya, daga baya kamfanin ya koma yin sa da ƙarfe zalla. Masu irin waɗannan motoci, ku sa a leƙa muku a gani wanne ne a jikin taku.

To in ka auna, ka gyara abin da ke buƙatar gyara, kuma har yanzu aikin da kake sa motar ya fi ƙarfin kular asali, ga yadda ni zan so a yi maka.

In da hali, kada a cire ta ruwa. A bar ta tana ɗumama mai da safe, a ƙara ta iska a kanta. Kuma faifan da za a sa ya zama mai tamostat a ciki, wanda ba ya sakin mai zuwa gaba sai ya kai wajen digiri 80. Na san da na ambaci tamostat wasu kanikawa sun yi murmushi, don al'adarmu ce mota na shigowa daga Kwatano a cire mata na ruwa a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce ƙasarmu da zafi. Wannan al'ada tana sa mota shan fetur, tana cinye ringi, kuma za mu ware mata shiri nata. A kular iska dai, rashin tamostat yana nufin da asubar hunturu a Jos ko Kano, mai mai kauri, musamman in 20W-50 aka zuba, za a tilasta masa bin 'yan ƙananan hanyoyin kula da matsin da ke iya haura 80 a ma'aunin mai faci. A irin wannan safiya ce kula mai araha ke fashewa.

A kula da zaren da filta ke ɗaurewa a kai, don nan ma akwai tarko. Toyota da Volkswagen da yawa suna amfani da zare mai inci uku bisa huɗu, wato milimita 19 da ɗan ɗoriya. Honda da Nissan da yawa kuma nasu milimita 20 ne. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa na 20 yakan hau kan na 19 ya yi kamar ya ɗauru, sai mota ta hau hanya ya ƙwace. A gwada da ma'auni, kada a ce ai ya shiga.

Tiyo ya zama na mai, wanda aka rubuta a jikinsa zafin da matsin da yake ɗauka, da bakin ƙarfe mai zare ko wanda aka matse da inji irin na masu haɗa tiyon katafila. Faɗin cikinsa kada ya gaza rabin inci, a babban injin ma ya fi haka, don siririn tiyo da doguwar hanya da lanƙwasa mai kaifi duk suna cin matsin mai kafin ya isa metal. A nisanta shi da salansa, a ɗaure shi yadda ba zai riƙa gogar ƙarfe ba, a kuma bar masa ɗan sassauci, domin injin yana motsi a kan kujerunsa, kula kuwa a jikin mota take a kafe.

Ita kanta kular a zaunar da ita a kan ƙarfe da roba a ƙarƙashi, a kama ta sama da ƙasa. Kada a soka igiyar roba ta cikin lagireto a rataye ta, girgizar hanyoyinmu za ta sa ta yanka shi. Kada bakunanta su kalli ƙasa, don iska za ta maƙale a samanta. Kada kuma a sauke ta ƙasa da bamba inda rami da tudun rage gudu da tsakuwar da tirela ke watsowa za su same ta, in so samu ne a sa mata raga. Girma ma a yi shi daidai. Mai layi 13 ko 16 ta ishi yawancin ƙananan motoci, babbar da ta rufe rabin lagireto gyaran gangar Auzinawa ce.

Bayan an gama, ka tuna injin ya ƙara ciki. Kula da tiyo suna ɗaukar rabin lita zuwa lita guda. A cika su da mai kafin a ɗaure, a tayar da mota ana kallon jar fitila ta mutu cikin daƙiƙu kaɗan, a bar ta ta yi zafi har tamostat ya buɗe, ka taɓa kular ka ji ɗumi, sannan a kashe a sake duba geji a ƙara. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta daren farko, da safe ka duba. Sati na farko kullum ka bi bakunan tiyo da farin tsumma. Da hunturu kuma ƙura da ƙwari suna like ramukanta, sai a riƙa wanke ta da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba. Mai sabuwar mota da ke ƙarƙashin garantin kamfani, ya tambaya kafin ya taɓa, don irin wannan ƙari yana iya soke shi.

Akwai wata dabara da ake yi a bakin hanya: in kular ruwa ta huje, sai a zare ta gaba ɗaya, a haɗa tiyon ruwan biyu da juna, a ɗaura filta kai tsaye. In dare ya yi maka a daji, wannan zai kai ka gida, kuma ban ga laifin wanda ya yi ba. Amma kamfani bai kashe kuɗi ya sa ta don ado ba. Ƙananan motocin fetur da yawa ba su da ita sam, don ba sa buƙata. Wadda aka sa wa kuwa, musamman dizal da mai tabo, an lissafa ne aka ga ba za ta rayu babu ita ba.

Dattijon mai Sharan, sabuwa irin ta asali ogan ya sa aka sayo masa, da sabon zoben roba. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne wankin hanyar ruwa. Sau huɗu ina kallo ana cika ta, a tayar da mota ta yi zafi, a zubar, har ruwan ya daina fitowa da maiƙo. Aka sauya tiyo biyu da mai ya riga ya kumbura, aka sauya robar ruwan, aka yi juye da sabuwar filta. Da aka zo zuba kulan ya tsaya yana cinikin galan ɗin, ogan ya ce, "Baba, wannan shi ne maganin, waccan da muka sa ɗauri ne kawai." Ya biya. Kafin la'asar ya koma tasha ya shiga layi.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko maganar tamostat ɗin ruwa da haɗa fanka kai tsaye. Kanikawan da ba su yarda da ni ba, ku shirya hujjojinku, za mu buɗe layin waya.

[Kiɗan rufe shiri]